DAGA GININ AJI ZUWA IYA KARATU: JAWABIN KWAMITIN ILIMI A BABBAN TARON SHEKARA

 

Muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake haɗa fuskokinmu a wannan gari namu mai albarka. Muna kuma godiya ga duk wanda ya ciri wani abu daga aljihunsa aka gyara rufin aji, ko aka sayi benci, ko aka biya wa maraya kuɗin jarrabawa. Allah Ya saka da alheri. A bana kwamitin ilimi ya zo da tambaya guda ɗaya tak: yaron da muka gina wa aji, ya iya karatu kuwa?

Jama'a, ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai makarantun allo da na zaure, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara yadda jajis za su riƙa kai karatu ga mata har cikin ƙauyuka. Shi kuwa boko, Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, sannan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye irin su Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa Ahmadu Bello. A wancan zamani ɗalibai kaɗan ne, amma duk wanda ya fito ya fito da abinsa. A 1976 aka ƙaddamar da shirin UPE na firamare kyauta, yara suka yi ta kwarara makarantu fiye da yadda aka yi tanadi, har ta kai ga ɗaukar malamai da horon gaggawa. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. Wato dai an buɗe ƙofa, kuma wannan ci gaba ne da ba za a raina ba.

To amma shiga aji daban, samun ilimi daban. Wani rahoto da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Wannan adadi ya haɗa har da waɗanda ke zuwa makaranta kullum da jaka a baya. Yadda abin ke faruwa kuwa sananne ne. Yaro ya gama aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba, a ciyar da shi gaba don kada aji ya cunkushe. Daga nan sai ya koma mai kwafar abin da ke kan allo kamar mai zane, har ya isa sakandare, inda ba shi da mafita sai satar amsa. Uban da ya ga ɗansa ya yi shekara shida bai iya karanta masa wasiƙa ba, ba sai an yi masa huɗubar ƙin boko ba, da kansa zai mayar da ƙanen yaron gona, ya ɗora wa ƙanwar talla. Saboda haka matsalar yaran da ba sa zuwa makaranta tana da jijiya a cikin ajin kansa.

A ganinmu abubuwa uku ne ke riƙe da wannan al'amari: harshe da malami da littafi.

Batun harshe shi ne mafi sarƙaƙiya. Yaron da ya tashi da Hausa a gida da kasuwa da masallaci, idan aka fara masa karatu da Turanci, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda: koyon karatu da koyon baƙon harshe. A Ile-Ife, daga 1970, marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi. Sakamakon ya nuna ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su a wasu darussa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara da harshen uwa a azuzuwan farko. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a tsawaita hakan zuwa ƙarshen firamare, sai kuma a Nuwamba 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da soke wannan manufa da komawa ga Turanci. Wannan kwan gaba kwan baya ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne sanin cewa Hausa ana rubuta ta kusan yadda ake furta ta, don haka yaro na saurin kama karatunta, kuma wanda ya iya karatu da harshensa ba ya sake koyon karatu daga tushe idan ya zo Turanci, kalmomi da ƙa'idoji kawai zai ƙara. A kan wannan tunani aka gina shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato. Babu kuma dokar da ta hana mu koya wa 'ya'yanmu karatun Hausa da yamma ko a lokacin hutu.

Na biyu shi ne malami. A ƙa'ida, takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, amma takarda ba ta shiga aji. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka gindaya. An yi ta muhawara a kan yadda aka gudanar da gwajin da korar da ta biyo baya, amma ba wanda ya musanta cewa akwai ɓaraka. A nan muna roƙon 'yan'uwa masu faɗa a ji a birane: duk wanda ya rubuta 'yar takardar alfarma aka ɗauki wanda bai cancanta ba aikin koyarwa, ya taimaki gida ɗaya, ya cuci gidaje ɗari. Haka kuma malamin kirki da ke juriya a ƙauye, albashi na makara, aji na yoyo, ya cancanci ƙungiya ta san sunansa, ta karrama shi a irin wannan taro.

Na uku, littafi. Karatu kamar saƙa yake, sai da yawan yi hannu ke faɗawa. Yaron da ba ya ganin rubutu sai a kan allon aji, ko ya fara iyawa zai manta. Da yawa daga cikin dattawan da ke zaune a nan da Magana Jari Ce da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo suka goge. Me jikokinsu ke karantawa a gida?

Akwai kuma wata dabara mai sauƙin kuɗi da ta cancanci mu aro. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta fito da ita, Zambiya kuma ta fara gwada ta a 2016. Ana gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a raba su gwargwadon matakin da suke, ba gwargwadon aji ba: masu baƙaƙe wuri guda, masu kalmomi wuri guda, masu jimloli wuri guda, a riƙa yi musu darasi na awa ɗaya ko fiye a kullum har kowa ya haura. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin haka alaramma ke yi a tsangaya, ba ya wanke wa almajiri allo sai ya biya.

Bisa ga haka, kwamiti na gabatar wa taro shawarwari huɗu. Ɗaya, a nemi izinin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a riƙa gwada karatun 'yan aji uku sau ɗaya a shekara, a buga sakamakon kowace makaranta a wannan mujalla, ba tare da sunayen yara ba. Biyu, a shirya darussan karatu a dogon hutu, matasanmu masu NCE da ɗalibanmu na jami'a su koyar, ƙungiya ta ba su ɗan alawus. A ware wa 'yan mata nasu aji, a kuma gayyaci almajirai da yardar malamansu. Uku, kowane reshe na birni ya ɗauki makaranta ɗaya ya tanadar mata akwatin littattafan Hausa da na Turanci masu sauƙi, waɗanda yaro zai iya ara ya kai gida. Huɗu, mu sa wakilanmu a kwamitocin kula da makarantu, mu kuma riƙa bin sawun kuɗin UBE. Doka ta ware masa kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya, amma jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye daidai da shi daga nata aljihu. Idan gwamnati ta sauke nauyin gini, gudummawarmu za ta tafi ga karatu.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawancinmu 'ya'yanmu na makarantun kuɗi a birni, amma mu kanmu a firamaren garin nan muka fara riƙe alli, kuma yaran da ke cikinta yau su ne za su riƙe garin da za mu dawo mu tsufa a ciki. Muna fatan baɗi war haka, idan Allah Ya kai mu, mu tsaya a wannan wuri mu faɗa muku yara nawa suka iya karatu.