Kuɗin Ƙaro Karatu da Harajin Albashi: Jawabi a Taron Reshe

 

Za mu fara da labarin wata ƙasa mai nisa, domin yana da alaƙa da aljihunmu. A Amurka, ɗalibin da ke karatun digiri na biyu ko na uku yakan taya jami'a koyarwa ko bincike, ita kuma ta yafe masa kuɗin makaranta, ta ba shi ɗan alawus. A Nuwamban 2017 majalisar wakilan ƙasar ta amince da ƙudurin da zai lissafa wannan yafiya cikin kuɗin shiga. A misali, wanda alawus ɗinsa dala 30,000 ne a shekara, aka yafe masa 50,000, sai a yanka masa harajin mai samun 80,000, alhali ko sisi daga cikin yafiyar bai taɓa tafin hannunsa ba. Ɗalibai suka fice daga azuzuwa a jami'o'i da dama, majalisar dattawa ba ta ɗauki wannan sashe ba, dokar da aka sa wa hannu a Disamba ta fito babu shi.

Hujjarsu ba za ta yi wa mutumin Kura ko Bunkure wuyar ganewa ba. Yawancinmu muna da ɗan fegin shinkafa ko tumatir a bakin magudanar ruwan Tiga, mun kuma san ba a auna wa manomi iri da taki a ce masa ga amfanin gonarsa.

To, mu fa? Mu namu ya fi nasu nauyi, don ba mai yafe mana komai. Malamin firamare mai NCE da ya nufi Jami'ar Bayero neman digiri, ko mai digiri da ya koma neman na biyu, daga albashinsa yake biyan rajista, albashin da an riga an zare masa haraji tun kafin ya shiga banki. Mun san masu sayar da shinkafar rani tun tana ɗanya, da masu cin bashin adashe, don kada a rufe rajista babu su.

Sabuwar dokar haraji, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki a Janairun 2026, ta zo da sauƙi, ba ma musu. Naira 800,000 ta farko a shekara ba ta da haraji. Abin da ya ɗora a kai, har zuwa miliyan 3, kashi 15 cikin ɗari ne. Ana cire kuɗin fansho da na inshorar lafiya kafin lissafi, haka ma kashi 20 cikin ɗari na kuɗin haya, muddin bai wuce naira 500,000 ba. Sai dai mu da ke zaune a gidajen gado wannan rangwame na haya bai shafe mu ba. Kuɗin makarantar da malami ya biya wa kansa kuwa ba ya cikin jerin, alhali ajinsa zai koma da abin da ya koyo.

Saboda haka muna roƙon reshe ya miƙa wa uwar ƙungiya ta jiha buƙatar a nemi sanya kuɗin ƙaro karatun malami cikin abin da ake cirewa kafin haraji. Wannan doguwar tafiya ce, sai ta bi ta Majalisar Tarayya. Ta kusa ita ce, duk lokacin da aka samo wa malami tallafin karatu, a biya shi kai tsaye ga makarantar, kada a cusa shi cikin albashi ya zama alawus, almakashi ya hau kansa.

Kafin nan, duk wanda ke karatu yanzu ya adana rasiɗinsa, ya kawo wa sakatare kwafi tare da takardar albashinsa kafin zama na gaba, domin mu san yawanmu da abin da muke kashewa.