Taimako Ma Sai An Koya: Jawabin Wata 'Yar Ƙungiya a Bikin Cikarmu Shekara 10



Hajiya shugaba, iyayen ƙungiya, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, 'yan'uwana mata, barkanmu da ganin wannan rana.

Takardar nan da kuke gani, ni na rubuta ta da hannuna. Kwana tara na yi a kanta, kullum bayan na taso daga Kasuwar Rimi. Malama ta gyara mini inda na karkace. Shekara uku da suka wuce, dangwale nake yi da babban yatsa a littafin adashi. Saboda haka in kun ji na yi tuntuɓe a karatu, a yi mini uzuri.

An ce in yi magana a kan amfanin da rancen ƙungiya ya yi mini. To ni nawa rancen a karatun 'yata ya tafi. Kun san ba zan kama sunanta ba, 'yar fari ce.

Yarinyar nan aikin jinya take so. Ta ci darussa biyar a NECO har da Turanci da lissafi, ta zauna JAMB, amma makinta bai kai na jinya ba. Sai jami'a ta ba ta wani fanni wai shi soshiyal wok, wato aikin jin daɗin jama'a. Da ta yi wa babanta bayani sai ya ce, "Yanzu tausayin ma sai an je jami'a an koyo shi?" Ni ma wallahi abin da ke raina ke nan. Shekara huɗu da kuɗin rajista, don a koyi abin da kowace uwa ta iya? Amma na ga ta ƙwallafa rai, sai na zo nan na karɓi rance. Da cinikin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa na biya shi, wata shida cif.

Yanzu tana aji uku, kuma na gane ashe karatu ne mai nauyi. Ana koya musu yadda zaman jama'a yake, da halayyar ɗan Adam tun yana goye har tsufa. Ana koya musu dokoki, irin Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Akwai lissafin ƙididdiga, wanda shi ne yake sa ta kwana ba barci. Akwai yadda ake aiki da mutum ɗaya, da yadda ake aiki da iyali, da yadda ake aiki da unguwa guda. Sannan ba a aji kaɗai ake zama ba. Dole a tura ɗalibi wurin aiki ya yi makonni a ƙarƙashin wanda ya ƙware, kullum ya rubuta abin da ya gani da abin da ya yi, a duba a ba shi maki. A shekarar ƙarshe kuma sai ya yi bincike ya rubuta kundi.

Ita asibiti aka tura ta, ofishin da ke kula da matsalolin marasa lafiya waɗanda allura ba ta maganinsu. Wanda aka sallama ba shi da kuɗin biya. Tsohon da aka kwantar, dangi suka sulale. Mai yoyon fitsari da miji ya juya wa baya. Su ne masu zama su saurara, su nemo dangi, su rubuta takarda zuwa inda za a samu tallafi, su bi sawu har a ga ƙarshen magana.

Wata rana ta dawo idonta ja wur, ko tuwo ba ta taɓa ba. Na ce, "Me ya faru?" Ta ce, "Umma, ki yi haƙuri, ba zan iya gaya miki ba." Na ce, "Ni da na haife ki?" Ta ce, "Umma, maganar ba tawa ba ce. Amana aka ba ni." Ranar na kwana da haushi. Ni da a rumfa kafin azahar na ji labarin gida goma, kafin la'asar na juye wa wasu goma.

To ga inda maganar ta taɓa mu. Wadda abin ya shafa tana cikin ɗakin nan, kuma ita da bakinta ta ce in faɗa, don kada a sake. Bara mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Muka yi karo-karo muka sayi shinkafa da mai da turmin atamfa. Da ta fita takaba muka kira ta gaban taro, muka faɗi sunanta da abin da aka tara, muka ɗauki hoto aka sa a WhatsApp. Ni ce na riƙe wayar. Daga ranar ba ta sake zuwa taro ba har wata huɗu. Mu kuwa muka ce ba ta da godiya.

Ina ba 'yata labari ina mita, sai ta yi mini tambaya uku. Ta ce, "Umma, kun tambaye ta abin da take buƙata? Kun nemi izininta kafin hoton? Bayan shinkafar ta ƙare, wa ya koma?" Na rasa ta cewa.

Washegari na tafi gidan matar nan ni kaɗai, hannu rabbana. 'Yata ta ce in zauna in kama bakina, kada in yi wa'azi, kada in yanke mata shawara. Kun san ni da surutu, wannan ya fi ɗaukar buhu wuya. Can sai ta fara magana. Ashe ba shinkafa ce damuwarta ba. Rumfar mijinta ce dangi suka garƙame, ba a raba gado ba, ga kuɗin makarantar yara. Hoton nan kuma har ya kai hannun dangin, suna cewa tana tallar talaucinsu a gari. Abin da take so shi ne wanda zai raka ta wurin mai unguwa da shugabannin kasuwa, don ita kaɗai ba ta iya buɗe baki. Muka raka ta mu biyu. An ɗauki lokaci, amma an raba gado, yanzu ita ke zaune a rumfar. Muna cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, gaskiya ne. Amma in ba ki tambayi inda ke ciwo ba, sai ki danne gyambon.

Masu 'ya'ya suna tambayata, "To in ta gama, me za ta ci?" Ba zan yi muku ƙarya ba, babu aikin da ke zaune yana jiran kowa. Amma ana ɗaukar masu wannan karatu a asibitoci, da ma'aikatar harkokin mata, da gidajen marayu, da gidajen gyaran hali, da ƙungiyoyin agaji masu aiki da 'yan gudun hijira. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta kula da wannan sana'a a Najeriya. Wadda ba ta samu jami'a kai tsaye ba, akwai difloma, kamar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Mai sakamako mai kyau tana iya neman shiga jami'a daga aji biyu. Abu ɗaya dai: a tanadi kuɗin mota na lokacin fita aiki. Shi ne ya kusa kayar da ni, don ban sa shi a lissafi ba.

Hajiya shugaba, ina roƙon abu uku.

Na ɗaya, a kafa kwamitin mata uku masu riƙon amana. Su za su riƙa zuwa gidan wadda ta shiga wani hali, su tambaya, su koma bayan wata guda. A daina kiran suna a taro, a daina hoto. A littafi a rubuta lamba da kuɗi, ma'aji da shugaba kaɗai su san mai lambar.

Na biyu, a ware rancen karatu daban da rancen jari, a tsawaita lokacin biyansa. Jari yana juyawa a sati, karatu kuwa sai an yi shekaru.

Na uku, masu jin kunyar zuwa aji, ku zo. Tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Kano take da hukumar ilimin manya, amma ni sai da na haura arba'in na shiga. Yanzu da dare tabarma ɗaya muke zama da 'yata, fitila ɗaya, tana rubuta rahotonta ina haɗa baƙaƙena. In na tambaye ta wa take rubutawa a kai, sai ta yi murmushi ta rufe littafin. Na daina jin haushi.

Allah Ya albarkaci 'ya'yanmu, Ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan da su ba su kawo yau ba, Ya rufa mana asiri kamar yadda za mu rufa wa junanmu.