INA KALMAR "JUBILI" TA FITO?



Kalma ɗaya ce a bakin kowa yau. Tana jikin zanen da muka ɗinka, tana kuma bangon wannan littafi: Jubili. Bari mu bi sawunta har gidan da aka haife ta.

Daga Turanci muka aro ta, inda ake rubuta jubilee. Su ma Turawan Ingila aro suka yi. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. Ta wannan ƙofa jubilé ta shiga a ƙarni na 14. Faransanci kuwa ya gāje ta daga Latin, wato jubilaeus, wadda take cikin fassarar Littafi Mai Tsarki da Jerom ya yi wajen shekara ta 400. Tushenta na can ƙasa Ibrananci ne, yobel, wato rago ko ƙahon rago.

To, ina murna ta shigo? Latin yana da wata kalma dabam, jubilare, yin sowa. Da yake sun yi kama a kunne, mutane suka gama su, har sowa ta rufe ƙaho.

'Yan'uwa, ku duba Littafin Firistoci sura 25. Bayan shekara bakwai sau bakwai, a Ranar Kafara, akan busa ƙahon nan ko'ina cikin ƙasar. A shekara ta hamsin, Ba'isra'ilen da talauci ya sa ya sayar da kansa yakan koma wurin danginsa. Gonar da aka sayar takan koma hannun masu ita. Ƙasa ma takan huta.

Ashe ƙahon ba na kiran cin shinkafa ba ne, na saki ne. Mu ci, mu sha, mu raira, ba laifi. Amma ina tambaya: gonar wace gwauruwa ce take hannunka jingina har yau? Wane ɗan'uwa kika ɗaure a zuciya shekara da shekaru, kuna cin Jibin Ubangiji tare amma ba kwa gaisawa?

Kafin rana ta faɗi, kowa ya saki wani. Sa'an nan sowarmu za ta zama Jubili na gaskiya.

Allah ya ba mu ikon aikatawa. Amin.