Jawabin kwamiti a taron ƙungiya: batun kai iyali Faransa



Wasiƙu sun yi yawa a hannunmu, kusan duk magana ɗaya ce: wane yana Faransa shekara da shekaru, me ya hana shi ɗaukar ƙanensa? Har wasu iyaye sun yi fushi da 'ya'yansu, suna ganin rowa ce. Shi ya sa muka ga ya kamata mu faɗi abin da dokar can ta ce, kowa ya ji da kunnensa.

A 1974 Faransa ta dakatar da ɗaukar ma'aikata daga waje. A 1976 ta kafa dokar haɗa iyali. Amma iyali a bakinsu ba irin namu ba ne: mata ɗaya da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba, shi ke nan. Ƙane, wa, ɗan ɗan'uwa, uwa ma da ta haife ka, ba su shiga wannan hanya. Don Allah a bar ɗora wa yaranmu laifin da ba nasu ba.

Mai neman kawo matarsa sai ya yi wata 18 a ƙasar da takardar zama ta halal. Ana duba albashinsa na wata 12, kada ya gaza mafi ƙarancin albashin ƙasar. Ana kuma auna ɗakinsa: a Paris, miji da mata na bukatar murabba'in mita 22, kowane yaro a ƙara 10. To, wanda ke kwana da abokai huɗu a ɗaki ɗaya fa? Takardun ana kai su ofishin OFII, magajin gari ya bincika, perefe ya yanke hukunci. Doka ta ba shi wata 6, amma jira yakan zarce haka.

Masu mata biyu, ku saurara da kyau. Tun 1993 an hana kai ta biyu idan ta fari tana can, kuma wanda ya yi dabara ya kai ta, ana iya karɓe tasa takardar. Wannan magana ce da za a zauna a yi a cikin gida, gaban iyaye, kafin a cika ko takarda ɗaya. Ita ma wadda ta tafi ta sani: in auren ya mutu cikin shekara 3 na farko, zamanta yana iya lalacewa, sai fa in dukanta ake yi, nan doka ta kare ta.

Inda aka fi tuntuɓe kuwa a nan gida ne. Auren masallaci kaɗai ba ya isa, sai da takardar hukuma. Mun ga wadda ta yi shekara biyu tana jira don sunan ubanta a takardar haihuwa ya saɓa da na fasfo da harafi ɗaya. Ga shi kuma an rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a Janairun 2024, neman biza ya koma sai an ƙetare iyaka, da kuɗin mota da na masauki.

Saboda haka duk mai wannan niyya ya kawo takardun aure da na haihuwar yara wurin magatakarda ranar Jumma'a bayan la'asar, mu gwada sunaye da shekaru tare kafin a aika.

Wassalamu alaikum.