Aikin Kula da Haƙori: Hanya Ga Yaranmu

Jawabin da editan wannan jarida ya yi a Gumel, ga iyaye da ɗaliban da suka gama sakandare daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

 

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori a cikinku ya san dare yana da tsawo. A ƙauyukanmu idan turmi ya yi kogo, sai a cusa kanumfari, in ya ƙi a nufi wanzami ya fizge shi, wani lokaci ma ya bar guntun saiwa a ciki, kumatu ya kumbura. Ba laifin mutanenmu ba ne. Ma'aikatan ne babu. Mafi yawan likitocin haƙorin ƙasar nan suna manyan birane, mutumin Sule Tankarkar kuwa sai ya haɗa kuɗin mota kafin ya ga ɗaya.

Abin bai tsaya ga raɗaɗi ba. Akwai wata cuta da likitoci ke kira noma, ba noman gero da riɗi ba. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu fama da tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Daga ɗan miki a dasashi take farawa, baki ya yi ɗoyi, cikin kwanaki kaɗan ta ci kumatu da leɓe. In ba a yi magani ba, yawancin yaran ba su tashi. Amma idan an gano ta tun tana dasashi, maganin ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, a watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. To, wa zai buɗa bakin yaro a Gagarawa ya gane ta da wuri? Ɗanku ne ko 'yarku, in kun tura su sun koyo.

Da yawa suna zaton sai an yi jami'a ake aikin haƙori. A'a. Zama cikakken likitan haƙori, kamar yadda ake koyarwa a Jami'ar Bayero ta Kano, karatun shekara 6 ne, kuma gurbi kaɗan ne. Amma a ƙarƙashin likita akwai ma'aikata iri-iri. Akwai mai wanke haƙori da kankare dattin da ya daskare, wanda kuma yake koya wa jama'a tsabtar baki. Akwai mai ƙera haƙoran roba ga waɗanda nasu suka zube. Akwai mai taya likita aiki, wanda ke dafa kayan aiki ya shirya su. Makarantun koyon aikin lafiya ne ke horar da irin waɗannan, kuma muna da makarantar aikin lafiya a Jahun, akwai a Kano. Kuɗinsu bai kai na jami'a ba, ga kusa da gida, wanda ya sa uban da ke jin nauyin tura 'yarsa nesa zai iya amincewa.

Abin da ake nema shi ne kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Nan ne yaranmu suka fi faɗuwa. Wanda ya rasa ɗaya kada ya ce shi ke nan, ya sake zama, domin ana haɗa sakamakon zama biyu. Ƙaramar difloma shekara 2 ce, babba ma shekara 2.

Ga gargaɗi, ku riƙe shi da kyau. Kafin ku sayar da tunkiya ku sayi fom, ku tambaya ko hukumar da ke yi wa ma'aikatan haƙori rajista ta amince da wannan sashe na makarantar. Ba a yin aikin sai da lasin. Makarantun kuɗi sun yi yawa yanzu, kuma takardar da babu rajista a bayanta, ta ƙunshe ƙosai kawai za ta yi.

Ni abin da na fi so ku hanga shi ne koyarwa. Wanda ya yi babbar difloma, ya yi aiki a asibiti hannunsa ya faɗa, ya ƙara da takardar malanta, yana iya komawa makarantar da ta horar da shi a matsayin malami. Ma'aikaci ɗaya layin gabansa kawai zai duba, malami kuwa kowace shekara aji guda zai yaye. Kuma ɗan ƙasa ya fi sanin ta inda zai ɓullo wa mutanensa. Ya san ba sai ya raina aswaki ba, sai dai ya nuna yadda za a kai shi har turame. Ya san yadda zai gaya wa uwa cewa turmin da ya fito wa ɗanta a shekara 6 ba na nono ba ne, in ya lalace wani ba zai tsiro ba.

Ɗaliban da ke da sakamakonsu a hannu su tsaya bayan an tashi, mu duba tare mu ga wa ya cika, wa zai sake zama.