Sandar Ɗuri da Sandar Goge Bindiga: Lacca ga Maharban Gwarzo da Kabo

  

Mas'alar da aka nemi in yi bayani a kanta ƙarama ce a ido, wato sandar da ake zura wa bindiga domin a tsabtace cikinta. Amma wanda duk ya taɓa ganin hannun da bindiga ta fashe a cikinsa, ya san cewa sau da yawa asalin musibar abin da aka bari ya kwana a bututu ne, alhali kuwa maƙeri ake ɗora wa laifi.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano, domin littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Dalilin da ya sa kuwa bindigar toka ta daɗe a hannun talakawanmu bayan an bar yayinta a Turai, har da yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasal a 1890, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar ƙofa a buɗe ga irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Dokar makamai ta 1959 ma ta rarrabe su: al'amarin bindigar ɗuri yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, lasin ta harsashin kwanso kuwa sai daga Sufeto Janar. Maganata da masu lasin nake yi.

Malamai da ke nan sun fi ni sanin cewa magabata ba su bar nassi a kan farauta da harsashi ba, domin albarushi bai riske su ba, sai malaman Malikiyya na baya suka yi saɓani, wasunsu kamar Shehu Abdulƙadir al-Fasi suka halatta, bisa hujjar cewa harsashi yana hudawa, ya zubar da jini, ya gaggauta kisa. To, idan illar halaccin ke nan, bindigar da tsatsa ta cinye har harbinta ya riƙa kaucewa, ta karya ƙafar zomo ya tsere ya je ya mutu a rami, ta nisanta mai ita daga ihsanin da shari'a ta umarta.

Albarushi idan ya ƙone, wajen rabin nauyinsa ba ya zama hayaƙi, toka ce take maƙalewa a jikin ƙarfe, kuma wannan toka tana jawo laima daga iska, ta yadda bindigar da aka harba da la'asar a lokacin damina, aka jingine ta a lungun ɗaki, kafin a wayi gari ja-ja ya fara bayyana a cikinta. Mai ba ya narkar da wannan toka. Ruwan zafi ne maganinta, sa'an nan busasshen tsumma har ya fito fari, daga bisani a shafa ɗan man keken ɗinki.

Mai harba-ka-ruga, wato bindigar toka, a ganina, ba shi da bukatar sayen kome daga waje, domin waɗanda suka ƙago bindigarsa sun riga sun warware matsalar ɗauka tun da suka rataya sandar ɗuri a ƙarƙashin bututu. Abin da za a nema kawai shi ne ta zama miƙaƙƙiya, ta itace mai tauri wanda jijiyarsa ta bi tsawonsa, domin idan ta karye a tsakiyar dannawa tsinin tafin hannu yake nufa, a sa mata kan tagulla, wadda ba ta ƙyasta wuta kamar baƙin ƙarfe. Guntun rodin gini da na ga wasu samari suna amfani da shi, saboda arha, ƙurajen jikinsa cin bakin bututu suke yi a hankali. Akwai kuma wata hikima da nake roƙon kowa ya riƙe: a zura sandar cikin bindiga lokacin da babu kome a ciki, a yi tsaga da wuƙa daidai inda ta yi kai ɗaya da baki. Duk ran da aka zura aka ga tsagar ta tsaya a sama da yatsa biyu ko uku, to akwai ɗuri a ciki, ko da mai bindigar ya rantse bai ɗura ba. Ɗuri a kan ɗuri kuwa yana cikin abubuwan da ke tsaga bututu.

Mai bindigar da ake karyawa a sa harsashi ta baya shi ne ke da zaɓi, domin 'yan kasuwa za su nuna masa sanda guda doguwa, da mai gaɓa uku ko huɗu da ake murɗawa su haɗu, da igiya mai nauyi a kai. Igiyar nan tsofaffin sojojinmu da suka yi yaƙin Bama daga 1943 zuwa 1945 sun san ta, domin bindigar Lee-Enfield tana da ɗan rami a gindin ƙotarta inda ake ajiye igiya da ɗan tulun mai. Ba abin da ya kai ta sauƙin ɗauka, sai dai ja take yi, ba ta turawa. Idan maharbi ya yi tuntuɓe a bakin fadama laka ta toshe bututu, ko zanzaro ya shiga ya gina ɗakinsa na yumɓu a ciki, abin da kowa a nan ya san yana faruwa, igiya ba ta da hanyar wucewa balle ta yi amfani. A bindigar toka kuwa, da gindinta yake a rufe, sam ba ta da aiki.

Saboda haka mai gaɓoɓi nake fifitawa ga mai shiga daji, da sharuɗɗa. Ya haɗa ta a gaban mai shago, ya mirgina ta a kan tebur ya ga ko tana rawa, ya bi mahaɗan da farce. Inda farce ya maƙale, nan ne za ta kankare cikin bututu, musamman a bindiga mai tsagogi murɗaɗɗu a ciki, wadda daidaiton harbinta ya rataya a kansu. Kauri kuma ya dace da faɗin bututu, domin na bindigar tsuntsaye mai lamba 12 ya haura milimita 18, na ƙaramar nan mai lamba .22 bai kai 6 ba. Ta tagulla ko ta ƙarfe mai sulɓi ta fi ta alminiyam, wadda saboda taushinta ƙurar hunturu kan nutse a jikinta, ta koma magagari. Idan hali ya yi, ta baya ake zurawa, a kiyaye bakin bututu. Doguwar guda ɗaya ta fi duka inganci, amma wurinta gida ne, ko filin koyon harbi na jami'an tsaro, inda ba a ratsa sarƙaƙiya da ita.

Saura maƙeranmu, waɗanda nake da yaƙinin za su iya ƙera mai gaɓa uku ta tagulla daidai tsawon burgami, in dai maharbi ya auno musu faɗin bututunsa da tsawonsa maimakon ya kwatanta da hannu. Na so a ce Sarkin Baka, shugaban maharba, ya zauna da su kan wannan kafin a gama kaka a fara fita.