Fararen Hanyoyin Tuskani



Yau za mu leƙa karkarar Tuskani, a ƙasar Italiya. Can, tsakanin gonakin inabi da na zaitun, akwai hanyoyin tsakuwa farare fat. Mai keke in ya wuce, farar ƙura ce ke bin bayansa, ta lulluɓe shi daga ƙafafu har gira.

A 1997, a garin Gaiole, masu son keke suka soma wani hawa na shekara-shekara da tsofaffin kekuna, mai suna L'Eroica. Roƙonsu shi ne kada a malale hanyoyin nan da kwalta.

Ni dai ina bayansu. Tsakuwar nan ce ke jawo baƙi. Tsakuwar nan ce ke cika masaukan ƙauyukan.

A bar wa Tuskani tsakuwarta. Mu kwana nan.